Na yi suna ina yaro, yau ina ɓoye fuskata: amsa ga wani tsohon yaron fim

Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 28 a Kano, kuma ina roƙon a sakaya sunana, domin da yawa daga masu karatu za su gane ni idan aka ambace shi. Ina ɗan shekara takwas wani maƙwabcinmu mai harkar fim ya kai ni lokeshan, daga nan na zama yaron da ake nema duk lokacin da labari ya buƙaci maraya ko ɗan kishiyar da za a zalunta, saboda ina iya zubar da hawaye da zarar darakta ya ce a fara. Mahaifina ya rasu tun ina ƙarami, don haka baffana ne yake raka ni, kuma shi ake damƙa wa sallamata. Karatuna ya tsaya a aji biyu na ƙaramar sakandare. Da na kai shekara 15 muryata ta buɗe, na yi tsawo, sai kira ya riƙa raguwa har ya ɗauke gaba ɗaya, kuma har yau zuciyata tana raya mini cewa hassada ce ko sammu. Da na tambayi baffa kuɗina, ya ce ci da suturata sun cinye su.

Yanzu Adaidaita Sahu nake ja na wani mutum, ina kai masa balas kullum. Nakan sa takunkumi don kada a gane ni, domin idan fasinja ya ce "kai ba kai ne yaron nan ba?" sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara shan tiramadol don in jure aiki, yanzu ba na iya fita sai na sha. Wani abokina ya ce in yi bidiyo ina kuka, in kama sunan waɗanda suka ci gumina, in nemi taimakon jama'a. Shin in yi bidiyon, ko in kai baffana kotu, ko in ci gaba da bin ofisoshin furodusoshi ko Allah zai sa a dawo da ni?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta wasiƙarka da natsuwa, kuma zan fara da zargin da ka daɗe kana ɗauke da shi na hassada da sammu, domin muddin yana zaune a ranka ba za ka ji sauran maganar ba. Abin da ya tsayar da kiran yana da bayani a fili. Abin da furodusa yake saye a wurinka a wancan lokaci shi ne ƙuruciyarka: ƙaramar fuska, siririyar murya, da hawayen da ke sa uwa mai kallo a tsakar gida ta ce "wayyo yaron nan". Ranar da muryarka ta buɗe, hajar da ake saye ta ƙare, kuma babu yaron da ya taɓa iya riƙe ta, komai hazaƙarsa. A shekara 15 ka yi girma da fitowa a matsayin maraya abin tausayi, ba ka kuma kai fitowa a matsayin saurayin da zai yi soyayya ko magidanci ba, kuma labaran Kannywood ba su cika tanadin gurbi ga mai wannan shekaru ba. Ko da ka kai shekarun jarumta, mai kallo ya riga ya kulle fuskarka da yaron da ya sani, furodusa kuma ɗan kasuwa ne, yana tsoron a ga fosta a yi dariya maimakon a sayi fim.

Sannan ka lura da lokacin da abin ya same ka. Sana'ar da ta fara da kaset a 1990, ta koma faifan CD, ta rayu ne a kan ciniki a kasuwannin Kano irin su Ƙofar Wambai da Bata. Cikin 'yan shekarun da suka biyo bayan daina kiranka, satar fasaha da masu tura fina-finai a waya suka karya wannan kasuwa, furodusoshi da yawa suka bar harkar, saura suka koma fim mai dogon zango a YouTube da tashoshin talabijin irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Manyan jarumai da dattawan da suka shekara da shekaru a gaban kyamara sun zauna babu aiki a wannan tsakani. Wanda ya san wannan tarihi ba ya buƙatar neman maƙiyi kafin ya fahimci dalilin shirun wayarka, kuma ina ba ka shawara kada ka ƙara kashe ko sisi wajen masu cewa za su karya maka sammu.

Maganar kuɗi ita ce ta fi nauyi a wasiƙarka, kuma tsohuwar cuta ce a wannan sana'a a duk inda ake yin ta. A Amurka an yi wani yaro mai suna Jackie Coogan, wanda ya yi suna a 1921 bayan ya fito a fim tare da shahararren ɗan wasan barkwanci Charlie Chaplin, ya tara dukiyar da aka ƙiyasta ta kai dala miliyan uku zuwa huɗu tun bai balaga ba. Mahaifinsa ya rasu a haɗarin mota a 1935, mahaifiyarsa ta auri mutumin da ke kula musu da harkokin kuɗi, kuma da yaron ya girma ya nemi dukiyarsa sai ya tarar an kusa cinye ta. Ya kai su kotu a 1938, abin da ya samu bayan kuɗin shari'a bai wuce dala 126,000 ba. Wannan abin kunya ne ya sa jihar Kalifoniya ta kafa doka a 1939 wadda har yau ake kira da sunansa, kuma a yadda take yanzu dole ne a ware kashi 15 cikin 100 na abin da yaro ya samu a zuba a asusun da ba a taɓawa sai ya kai shekara 18. Duk da dokar, cin dukiyar yara bai tsaya ba. Gary Coleman, wanda ya yi tashe a wani shirin barkwanci na talabijin daga 1978 zuwa 1986, ya kai iyayen da suka riƙe shi da tsohuwar mai ba shi shawara kan kuɗi kotu a 1989, aka yanke a biya shi kusan dala miliyan ɗaya da dubu ɗari uku a 1993, amma zuwa 1999 ya bayyana a gaban kotu cewa ya talauce, har ya yi aikin gadi, ya kuma rasu a 2010 yana ɗan shekara 42. Ita kuwa Shirley Temple, wadda babu tauraron da ya kai ta jawo 'yan kallo a Amurka tsakanin 1935 da 1938, ta gano cewa daga sama da dala miliyan uku da ta samu, dala 44,000 kacal suka rage a hannun mahaifinta. Ba ta kai shi ƙara ba. Ta bar fim tana shekara 22, ta kama wata hanya daban, har ta zama jakadiyar Amurka a Ghana daga 1974 zuwa 1976.

Na kawo maka waɗannan mutane ne don ka ga cewa kotu ta mayar wa biyu daga cikinsu da wani abu, amma ba ita ta gyara ko ta ɓata sauran rayuwarsu ba. Su ma kenan da suke da kwantiragi a rubuce da lissafin banki. Kai a naka ɓangaren, ka san yadda ake sallamar 'yan wasa a wancan zamani: a tashi daga lokeshan da dare, furodusa ya ja baffanka gefe ya dunƙula masa wani abu, babu takarda, babu sa hannu, wani lokaci ma a ce sai fim ya fita kasuwa. Idan dattijuwar 'yar wasa da ta shafe shekaru masu yawa a sana'ar za ta faɗa a hirar da BBC Hausa ta yi da ita a 2022 cewa 'yan dubbai kaɗan ake ba ta a fim, har maganar ta tayar da ƙura a masana'antar, to ka auna abin da ake ba yaro ɗan shekara tara shekaru da dama kafin nan. Ina tsoron dukiyar da kake hasashe ta fi wadda ta shiga aljihun baffanka girma nesa ba kusa ba, domin shahara da kuɗi ba sa tafiya tare a Kannywood kamar yadda mai kallo yake zato.

Wannan bai wanke baffanka ba. Kai maraya ne, abin da ka samu da guminka naka ne, shi kuwa amana aka ba shi. Aya ta shida a Suratun Nisa'i ta umarci mai riƙon maraya ya miƙa masa dukiyarsa idan ya balaga kuma aka ga hankali tare da shi, ta hana a yi gaggawar cinye ta kafin ya girma, ta ce mawadaci ya kame, matalauci kuma ya ci gwargwadon abin da ya dace, sannan a kafa shaidu ranar miƙawa. Don haka amsar "ci da sutura sun cinye" tana iya zama gaskiya a wani ɓangare, amma ba amsa ce da ake jefa wa mutum a tsaye a zaure a wuce ba. Lissafi ake yi. Abin da ya fi kuɗin zafi ma, a ganina, shi ne karatunka da baffan ya bari ya salwanta alhali shi ne mai riƙonka. Shawarata ita ce ka nemi zama da shi a gaban mutum biyu da yake jin nauyinsu, wani dattijo daga dangin mahaifinka da limamin unguwa ko malamin da ya san fiƙihun dukiyar maraya. Kafin ranar, ka zauna ka rubuta finafinan da ka tuna, ka tuntuɓi furodusa ɗaya ko biyu da kuke mutunci su faɗa maka abin da suke biya a lokacin. Ka je da buƙata takamaimiya wadda zai iya ɗauka, kamar ya biya maka kuɗin jarrabawa ko ya sa hannu a jarin sana'a, maimakon ka je da tsohon fushi wanda ba shi da farashi. Idan ya amsa cewa ya yi sakaci, ka karɓi abin da ya sawwaƙa. Idan ya yi taurin kai, ƙofar sulhu a Hisbah da ta kotun shari'ar Musulunci a buɗe suke, sai dai ka shiga da sanin cewa alƙali hujja yake nema, kuma kana iya fitowa da ɗan abin da bai kai zumuncin da zai tsinke ba, musamman idan mahaifiyarka tana raye kuma ita za ta zauna a tsakiya.

Bidiyon da abokinka ya ba ka shawara kada ka yi shi. An sha ganin tsofaffin 'yan wasa sun fito a cikin rashin lafiya ko ƙunci an tara musu kuɗi, kuma ba na zargin wanda larura ta kai shi bango. Amma kai lafiyayyen matashi ne, kuma abin da za a saya a wannan bidiyo shi ne dai hawayen da aka saya kana ɗan shekara takwas, sai dai wannan karon babu darakta da zai ce a yanke. Za a yi ta yaɗa shi kwana uku, masu shafuka su samu mabiya, wasu su aiko da 'yan dubbai, wasu su ce ai alhakin fim ne, sannan ya zauna a intanet yana jiran ranar da za ka je neman aure ko neman aiki. Kama sunan mutane ba tare da hujja ba kuma yana iya mayar da kai wanda ake ƙara bisa ɓata suna, ya kuma rufe maka ƙofofin da zan ce ka ƙwanƙwasa nan gaba kaɗan.

Abin da ba zai jira zaman dangi ba shi ne ƙwayar nan. Ka ambace ta a layi ɗaya kamar ƙaramar magana, alhali ita ce kaɗai a cikin wasiƙarka za ta iya kashe ka ko ta kashe wani a wannan makon. Tiramadol dangin ƙwayoyin kashe zafi ne masu kama jiki, yawan shansa yana jawo farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba, kai kuma kana ɗauke da matan mutane da 'ya'yansu a kan titi. Ba kai kaɗai ba ne a wannan hali: binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 4.6 ne suka sha irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba a cikin shekara guda. Tunda ka kai matakin da ba ka iya fita sai ka sha, kada ka yi ƙoƙarin yanke shi dare ɗaya kai kaɗai a ɗaki, domin ciwon jiki, zufa, rashin barci da firgicin da ke biyo baya su ne ke mayar da mutane da gudu. Likita ne yake rage shi sannu a hankali. A Kano akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, kuma akwai asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna idan kana tsoron idon sani. Zuwa can ba shaidar hauka ba ce. Ka faɗa wa likitan komai, har da kunyar da ke sa ka rufe fuska, da duk wani tunani na gajiya da rayuwa idan yana zuwa maka, domin sau da yawa damuwa ce take riƙe da ƙwayar, kuma ita ma ana maganinta. Ka guji gidajen da ake ɗaure mutane da mari da sunan gyaran tarbiyya.

Game da fasinjoji, ina ganin kana jin abin da mafi yawansu ba su faɗa ba. Wanda ya ce "kai ba kai ne yaron nan ba?" yawanci ƙuruciyarsa yake tunawa, lokacin da ake taruwa a ɗaki ɗaya a kalli fim idan an kawo wuta, kuma murna yake yi ya gan ka. Tabbas akwai marasa tarbiyya da za su ce "ashe haka ka koma", kuma waɗannan ne nake so ka yi hattara da su, domin Gary Coleman ya taɓa tsayawa gaban alƙali saboda ya bugi wata mata da ta gane shi ta nemi ya sa mata hannu a takarda don tunawa a wani shago a 1998, bayan magana ta yi zafi a tsakaninsu. Ka tanadi amsa gajera tun daga gida, irin "ni ne, Allah ya raya mu, ina za a sauke ku?", ka faɗe ta da fara'a ka ci gaba da tuƙi. Mutumin da yake neman halalinsa da rana tsaka ba shi da abin ɓoyewa, kuma takunkumin nan yana koya wa zuciyarka kullum cewa ka aikata laifi, alhali ba ka aikata ba.

Saura tambayarka ta uku. Bin ofisoshi a Zoo Road kana jiran a tuna da kai ba zai haifar da komai ba, domin wanda kake so a tuna yaro ne, kuma yaron ya girma. Amma shekara bakwai da ka yi a lokeshan sun bar maka wani abu da baffa bai karɓa ba. Ka san dalilin da ya sa ake maimaita fitowa ɗaya sau biyar daga kusurwa daban-daban, ka san cewa idan hula tana karkace a dama kafin a tafi sallah dole ta kasance a dama bayan an dawo, ka san inda ake tsayawa don kada a tare haske, ka san yadda ake haddace magana a cikin hayaniya. Masu shirya fim mai dogon zango suna ɗaukar aiki mako bayan mako, kuma kullum suna buƙatar mai lura da daidaiton kaya da fitowa, mataimakin darakta, mai haske, mai ɗaukar sauti da mai tace hoto. Akwai ma aikin da ka fi kowa cancanta da shi, wato horar da yaran da ake kawowa, domin ka san yadda yaro yake ji idan manya goma sun zuba masa ido suna jiran ya yi kuka. Ke Huy Quan, wanda ya yi suna a Amurka yana yaro a 1984, da ya ga gurabe sun ƙare masa sai ya koma makaranta ya karanci fim, ya yi kusan shekara ashirin a bayan kyamara yana tsara faɗan da ake yi a cikin fim da taimaka wa daraktoci, kafin ya dawo ya ci kyautar Oscar, babbar lambar yabo ta finafinan Amurka, a 2023. Kada ka ɗauki ƙarshen labarinsa a matsayin alƙawari, domin irinsa ɗaya ne cikin dubu. Abin koyi a wurinsa shi ne shekarun tsakiyar, lokacin da ya ci abinci da sana'ar ba tare da fuskarsa tana kan fosta ba.

Don haka idan za ka koma wurin tsofaffin iyayen gidanka, ka zaɓi mutum ɗaya mai mutunci wanda har yanzu yake aiki, ka ce masa koyon aiki ka zo yi, ka kuma faɗi wanne. Kada ka ajiye Adaidaita tukuna. Ka nemi a tsara maka ranakun lokeshan, sauran ranakun ka fita neman balas da na cefane. Idan aka ba ka ƙaramar fitowa a matsayin direba ko ɗan aike, ka karɓa ba tare da jin an rage maka daraja ba, amma ku yi ciniki kafin a kunna kyamara, kuma ko saƙon waya ne a rubuta adadin da ranar biya. Duk waɗannan ayyuka na bayan kyamara suna buƙatar karatu da rubutu, mai tace hoto kuma yana buƙatar kwamfuta da ɗan Turanci, saboda haka ka nemi ajin manya na yamma a ƙarƙashin hukumar ilimin manya ta jihar Kano, wadda take aiki tun 1980, ka cike giɓin da ya rage, sannan ka zauna jarrabawar NECO ko WAEC ta masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara. Da wannan takarda za ka iya neman Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos idan sha'awar ta ɗore, ko wani fannin daban idan ka ga zuciyarka ta fita daga harkar. Kuɗin rajistar wannan jarrabawa shi ne abu na farko da zan so ka ajiye a gaban baffanka ranar zaman. Allah ya ba ka lafiya, ya buɗa maka.